Yaya Zan Yi wa Abokan Karatuna Gyara a Zanensu?

Tambaya: Ina karatun zane-zane a Zariya. Malaminmu kan sa mu rataye ayyukanmu a bango, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Tsoron ɓata wa abokaina rai ya sa "ya yi kyau" kawai nake cewa. Ina mafita? — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, kararki abin yabo ce, amma "ya yi kyau" ba ta ƙara wa mai zane komai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ki fara tambayarsa abin da yake son nunawa. Sannan ki faɗi abin da ya burge ki takamaimai: "Shuɗin gyalen nan ne ya fara ɗaukar idona." Sai ki kawo gyara ɗaya ko biyu kacal: "Haske daga dama yake zuwa, inuwar tulun ma tana dama. Da ka mai da ita hagu, da tulun ya zauna daram."

Ki tsaya kan zanen, kada ki taɓa mutuncin mai shi. Kada ki gwada shi da wani, kuma kada ki ɗora fensirinki a takardarsa sai ya yarda. In aka zo kan naki, ki saurara, ki rubuta, ki yi godiya.