Yadda adabin Tuba ya tashi a zamanin gurguzu

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya aiko yana tambaya: shin mutanen Tuba suna da adabi kafin mulkin gurguzu?

To Malam, suna da shi, amma na baka ne: tatsuniyoyi, waƙoƙin jarumai da kirarin bokaye. Mutanen Tuba makiyaya ne a kudancin Siberiya, kan iyaka da Mongoliya, kuma masu iliminsu da harshen Mongol suke rubutu. Sai a 1930 harshensu ya samu haruffan boko, daga baya aka koma na Rasha, kafin ƙasar ta shiga Tarayyar Sobiyet a 1944.

Bayan samun haruffan ne marubuta suka ɓullo. Salchak Toka, shugaban jam'iyyar gurguzu ta Tuba, ya rubuta labarin tasowarsa cikin talauci, har ya samu lambar yabo ta Stalin a 1951. Stepan Saryg-ool ya shahara da waƙe da ƙagaggen labari.

Sai dai abin da ke sosa rai, hukumar da ta koya wa jama'a karatu ita ce ta rushe gidajen ibadar Buda, ta tsananta wa bokaye. Mawaƙi Sergei Pyurbyu ya sha ɗauri na shekaru. Mongush Kenin-Lopsan kuwa ya bi tsofaffi yana rubuta waƙoƙin bokaye don kada su salwanta.