Burodin shayi na mutanen Ingila

Ingila ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama. Mutanenta mashaya shayi ne ƙwarai. Daga Indiya da Kenya ake kai masu mafi yawan ganyen. Tun wajen shekarar 1840 suka ɗauki al'adar shan shayi da marece, wajen ƙarfe 4, tare da ɗan abin taunawa. Cikin abubuwan da suke ci akwai wani burodi mai zaƙi. Sunansa burodin shayi, don da ruwan shayi ake kwaɓa shi.

Wannan burodi ba a sa mashi mai, ba a sa madara. To, mi ke hana shi bushewa? Zabibi ne, wato busasshen inabi. Tun da dare ake dafa baƙin shayi mai ƙarfi, kamar sulusin litir, a tace. A zuba shi da zafinsa bisa zabibi garam 350 da sukari garam 150. A rufe kwano, a bar shi ya kwana. Da safe zabibin ya sha shayi ya kumbura. Ruwan nan da ya sha shi ke riƙe laushin burodi har kwanaki. Mai gaggawa da ya jiƙa na awa guda kawai, burodinsa zai fito da tauri. Inda babu zabibi, dabino na yi: a cire ƙwallo, a yayyanka ƙanana. Turawan ma suna sa dabino.

Da safe sai a fasa ƙwai 1 cikin kwanon. Dole shayin ya huce sarai, in ba haka ba ƙwan zai dahu tun ba a je ko'ina ba. A tankaɗe garin alkama garam 250 tare da ƙaramin cokali 2 na hodar tashin ƙullu, irin wadda ake saidawa kanti cikin 'yar takarda. Mai so ya ƙara kirfa ko citta kaɗan.

Hodar nan ba yis ɗin masu burodi ba ce. Wani mai haɗa magani, Alfred Bird, na garin Bamingam, ya haɗa ta a 1843, saboda yis ba ya karɓar matarsa. Da ta taɓa ruwa take fara aiki. Don haka a shirya wuta kafin a kwaɓa. A juya da cokali har gari ya ɓace, a tsaya nan. Yawan bugu na sa burodi ya yi danƙo.

A shafa mai kaɗan ga gwangwanin gashi, a zuba ƙullu. A Ingila cikin tanda suke gasawa, da zafi digiri 170, awa 1 ko da 'yan mintoci. Wanda ba shi da tanda ya zuba rairayi cikin babbar tukunya, ya aza gwangwani bisa, ya rufe. Garwashi kaɗan ƙasa, kaɗan bisa marfi. Nan ne ake hasara. Ƙullun na da sukari da yawa, sukari kuwa saurin ƙonewa gare shi. In wuta ta yi yawa, baya ya yi baƙi, ciki ɗanye, kuɗin gari da na zabibi sun tafi banza. A soka tsinke a tsakiya. In ya fito ba ƙullu, ya gasu.

Ba a yanka shi da zafi, farfashewa yake. In ya huce a naɗe shi cikin takarda mai tsabta, a sa cikin kwano mai marfi saboda tururuwa. Na kwana biyu ya fi na ranar farko daɗi. Ana yanka shi fale-fale, a shafa man shanu. A yankin Yokshiya, arewacin Ingila, har da cuku suke haɗa shi.

Aikin lissafi: burodi 1 na cin gari garam 250. Burodi nawa kilo 1 zai yi? Zabibi garam nawa za a saya?