Yadda Maharbi Zai Kare Kunnuwansa Daga Ƙarar Bindiga, Ya Kare Iyalinsa Daga Dalma

A ƙasar Adar, daga kwarin Majiya zuwa duwatsun Buza da Keita har gangarowa Madawa, farauta tsohuwar sana'a ce mai sarkinta da ladubbanta. Sai dai duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya san abu guda: da yawansu sai an ɗaga murya kafin su ji, kuma galibi kunnen hagu ne ya fi mutuwa. Mutane kan ce tsufa ne, alhali ƙarar bindiga ce ta ci kunnen a hankali. Harsashin dalma kuma yana da tasa ɓarnar, wadda ke bin maharbi har cikin tukunyar gidansa. Waɗannan matakai na wanda ya fara riƙe bindigar farauta ne, ko baushe ce ko ta kanti. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake.

Kayan da za ka tanada

Abin toshe kunne na soso, aƙalla biyu-biyu har kashi biyar. Abin toshe kunne na roba mai igiya, guda ɗaya. Marufin kunne mai kama da na sauraron rediyo, idan da hali. Ƙaramin gwangwani mai murfi, sabulu, ruwa, da wuƙa mai kaifi.

Mataki na 1: Daidaita da hukuma tukuna

Kafin ka sayi komai, je wurin ma'aikatan gandun daji na gundumarka. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ce ta tsara farauta da kare namun daji. Tambaye su takardar izinin da ta dace da kai, da lokacin buɗe farauta da rufe ta, da dabbobin da aka hana taɓawa. Takardar riƙe bindiga daban take da ta farauta, ka nemi kowace a inda ake ba da ita. Ka kuma gaida Sarkin Bakan garinku, ka sanar da shi. Hattara: kudancin Madawa yana iyaka da jihar Sakkwato, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a. Mai bindiga babu takarda a irin wannan wuri ya sa kansa cikin haɗari.

Mataki na 2: San girman ƙarar da kake fama da ita

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai 60. Injin niƙa yakan haura 90. Harbin bindiga yana tsakanin 140 da 170. Kada tazarar lambobin ta ruɗe ka, domin duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 140 a matsayin iyakar ƙarar farat ɗaya ga babba, 120 ga yaro.

A can cikin kunne akwai 'yan ƙananan gasu wajen 16,000 masu karɓar sauti. Suna kama da tsiron gero a farkon damina: idan dabba ta taka shi sau ɗaya yakan miƙe, idan turkenta ya dawwama a wurin sai ya mutu. Bambancin kawai, gashin kunne idan ya mutu ba a sake shuka shi. Harbi ɗaya tak yana iya kashe wasu.

Mataki na 3: Cire ranka daga abin rage ƙarar bindiga

Za ka ji samari suna zancen bututun da ake ɗaura wa bakin bindiga, irin na finafinai. A ƙasashe kamar Finlan da Norwe maharba suna amfani da shi bisa doka. Abin da yake ragewa desibel 20 zuwa 35 ne, don haka harbin yakan tsaya wajen 130 ko sama, bindigar ba ta yin shiru. Harsashin da ya fi sauti gudu, wato ya wuce mita 340 a daƙiƙa, yana yin tasa tsawar a iska, bututun ba ya hana ta. Ba a kuma yi shi don baushe mai cin albarushi ta baki ba. Na ƙirar gida yana iya tarwatsewa a fuskar mai harbi. Bayan haka, a yankinmu duk wanda jami'an tsaro suka gani da shi, kallon ɗan ta'adda za su yi masa. Maganinka yana wajen kunnenka.

Mataki na 4: Zaɓi abin toshe kunne

Nemi shi a kantin kayan gini da walda, ko a kantin magani, a Madawa, Ƙonni ko Tawa. Ka ce kana son irin wanda ma'aikatan masana'anta ke sawa. Juya ledar ka duba lamba. Kayan Turai suna ɗauke da haruffan SNR, na Amurka NRR. Ɗauki mai SNR 30 ko sama, ko mai NRR 28 ko sama. Wanda babu lamba a jikinsa, bar shi.

Na soso ya fi kowanne toshewa kuma ya fi araha, amma yana son lokaci kafin ya zauna. Na roba mai igiya yana shiga nan take, ana wanke shi a sake sawa, shi ya fi dacewa da mai bin sawu a daji. Hattara: auduga, tsumma ko takarda ba sa tare ƙarar bindiga. Abin sauraron waya ma haka.

Mataki na 5: Gwada marufin kunne kafin ka biya

Ɗora shi a kanka a cikin kantin. Matashinsa ya kewaye kunnen gaba ɗaya, ya manne da fata. Rawani, hula mai kauri da ƙafar tabarau suna buɗe kafa, ƙara kuwa ƙaramar kafa take nema. Saboda haka ka sa marufin a kan fata, ka naɗa rawanin daga baya. Ɗaga sanda kamar bindiga, ka kwantar da kumatunka. Idan sandar ta ture marufin, nemi mai siririn kwano. A zafin Afrilu da Mayu zai sa ka gumi, ka riƙa goge matashin. Akwai mai batir, wanda ke barin ka ji motsin ganye amma ya yanke ƙarar harbi. Yana da tsada, amma ga mai hali babu kamarsa.

Mataki na 6: Koyi sa soso a gida

Wanke hannunka, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. Murza soson tsakanin yatsu har ya zama siriri, babu lanƙwasa. Zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama da baya, ramin zai miƙe. Tura soson ciki da sauri kafin ya kumbura. Danne shi da yatsa, ka ƙirga talatin a hankali. Yi wa ɗayan kunnen haka.

Yanzu gwada. Yi magana: muryarka za ta yi kauri, ta cika maka kai. Sa wani ya dube ka ta gaba. Idan ya hango rabin soson a waje, bai zauna ba, cire ka sake. Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, soson da aka ɗosana a baki ba ya tare rabin abin da aka rubuta a ledarsa. Wajen cirewa, murɗa shi a hankali, kada ka fizge.

Mataki na 7: Toshe duka biyun, ka fi kula da na hagu

Mai ɗora bindiga a kafaɗar dama yana juya kunnen hagu wajen bakin bindiga, kansa kuma ya kare na dama. Shi ya sa na hagu ke fara mutuwa. Ga bahago, na dama ne. Kada wannan ya sa ka bar ɗaya a buɗe. Ranar gwajin saiti, ko ranar Sallah da biki inda za a yi harbi da yawa, haɗa soso da marufi. Haɗin yana ƙara kariyar wajen desibel 5 a kan wanda ya fi ƙarfi cikinsu.

Mataki na 8: Tsara yadda za ka yi a daji

Maharbi da kunnensa yake farauta, dole ya ji kukan zabo da tashin makwarwa. Don haka rataya na roba a wuyanka. Yi tafiyarka kunne a buɗe. Da ka hango nama, tsaya, toshe kunne, sannan ka ɗaga bindiga. Idan kwanto za ka yi a bakin tafki, sa soso tun da ka zauna. Wani lokaci zomo zai tsere kafin ka gama. Bar shi ya tafi, za ka sami wani gobe.

Idan kuna da yawa, ku yi shawara kan alamun hannu tun daga gida: tsaya, zo, kwanta. Mai toshe kunne ba zai ji kiran ɗan'uwansa sosai ba. Kada ka taɓa kunamar bindiga sai ka ga inda kowa yake da idonka. Ka tuna a kwarin Majiya da fadamun albasa mutane suna aiki a bayan layukan itatuwa.

Mataki na 9: Duba inda ka tsaya

Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce da kwazazzabai. Dutse da bango suna mayar da ƙara cikin kunne. Matsa daga jikin dutse kafin ka harba. Kada ka harba a cikin zaure, ɗaki ko lungu tsakanin katangu. Wanda ke gefen bakin bindiga ya fi mai harbi shan ƙara, saboda haka abokan tafiya su koma bayanka. A fili, duk ninkin nisa yana rage desibel 6. Yara su yi nisa sosai, su sa yatsu a kunne. Karnukanka ma kada ka harba ta saman kansu. Idan baushe ce, kada ka ƙara mata albarushi don a ji ta a ƙauyen gaba. Hakan ne ke fasa bututu, ya tafi da yatsu da ido.

Mataki na 10: Saurari kunnenka bayan harbi

Idan ka ji kunne yana kuwwa, ko magana tana zuwa maka kamar daga nesa, ƙara ta shiga. Dakatar da harbi. Nisanci injin niƙa da lasifika na kwana biyu. Idan ji ya ɗauke a kunne ɗaya, ko jini ko ruwa ya fito, ko jiri ya kama ka, tafi asibitin gunduma a ranar. Maganin irin wannan ya fi aiki a kwanakin farko, jinkiri yana rage sa'ar warkewa. Idan ciwon bai sauka ba, nemi a tura ka wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Hattara: kada ka ɗiga mai, ruwan ganye ko turare a ciki, kada ka sa tsinke. Dodon kunnen da ya fashe yakan haɗe da kansa cikin makonni idan an bar shi a bushe.

Mataki na 11: Raba dalma da gidanka

Yawancin harsashin farauta dalma ne, wadda wasu ke cewa darma. Guba ce mai taruwa a jiki, tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, tana cutar da ɗan tayi. Masana lafiya ba su sami wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa ba. A 2010, a jihar Zamfara, ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Kada ka fasa tsohon batirin mota don neman dalma. Kada a narka ta a tsakar gida, ko a murhun girki, ko da cokali da tukunyar abinci. Kada ka riƙe harsashi a baki yayin ɗura bindiga. Adana shi cikin gwangwani mai murfi, a kulle, nesa da hatsi da hannun yara. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko goro, ruwa kaɗai ba ya fitar da ita.

Mataki na 12: Gyara naman da kyau

Harsashi yana barin ɓurɓushi a hanyar da ya bi, wasu ido ba ya ganinsu. Bayan fiɗa, bi ramin da wuƙa. Yanke duk naman da ya ƙuje ko jini ya kwanta a ciki, ka ƙara faɗin yatsu uku ko huɗu a kewaye idan babbar dabba ce. Lalubo ƙwayoyin dalma a jikin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya. Binne abin da ka yanke, kada ka jefa wa kare ko ka bar wa ungulu, su ma dalma tana kashe su. Kada a dafa irin wannan nama da tsamiya ko lemun tsami, domin tsami yana narkar da dalma cikin romo. Mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara, a ba su wani naman daban. Saboda illar dalma ga tsuntsaye ne Tarayyar Turai ta hana harbi da ƙwayoyin dalma a fadamu da bakin ruwa tun Fabrairun 2023.

Mataki na 13: Adana kayanka

Wanke na roba da sabulu, ka shanya a inuwa. Soson da ya yi datti, ya taurare, ko ya daina kumbura, jefar da shi. Matashin marufi idan ya tsage, sauya shi. Kada ka bar su a rana ko a aljihu ɗaya da harsashi. Ɗaura gwangwanin abin toshe kunne a jikin jakar farauta, yadda ba za ka fita da ɗaya ka bar ɗaya ba.

Wasu za su yi maka dariya ranar farko, su ce maharbin ƙwarai ba ya tsoron ƙarar bindigarsa. Kada ka yi musu da su, ka girmama manya, ka ci gaba da abinka. Ya ku sarakunan baka da iyayen gidan maharba, ku ne yara ke kallo. Ku fara toshe kunnuwanku a gabansu, kuma kada ku miƙa wa yaro bindiga sai kun koya masa wannan tare da saiti.