Gajiyar Ƙarfe da Gajiyar Ƙwaƙwalwa: Darasi Kan Natsuwa da Ƙirƙira



A hunturun shekarata ta uku da fara aiki a Manchester, bayan na kammala digiri na biyu a fannin injiniyan gine-gine, aka ɗora mini zanen wata ƙaramar gadar masu tafiya a ƙasa. Aikin bai taka kara ya karya ba, sai dai a daidai inda ƙafar gadar za ta zauna akwai wani tsohon bututun ruwa da ba a yarda a taɓa ba. Mako uku na yi ina juya lissafi a wuri guda. A lokacin nan takardun zamana sun kusa ƙarewa, mahaifina yana kwance a asibiti a gida, wayata ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba, barcina kuma bai wuce awa huɗu ba. Ranar da na miƙa aikin, injiniyar da take duba lissafina, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta kira ni gefe ta nuna mini shafin da na manta ban saka nauyin taron mutane a kan gadar ba. Kuskure ne da ɗalibin aji biyu ba zai yi ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce in tafi gida in kwanta.

Bayan kwana biyu, ina dawowa daga sallar Juma'a a ƙafa ta gefen ruwa, ba na ma tunanin aikin, sai mafita ta faɗo mini: ai ba dole ne gadar ta tsallake ruwan a miƙe ba. Idan aka ɗan karkata ta, ƙafarta za ta sauka mita huɗu nesa da bututun. Abin da zaman mako uku bai ba ni ba, barcin dare biyu da tafiyar rabin awa suka ba ni. Tun daga ranar na gaskata masu cewa zafin nema ba ya kawo samu, na kuma shiga bin diddigin dalili.

Yadda ƙarfe yake gajiya

A shekarar 1952 Ingila ta fara jigilar fasinjoji da Comet, jirgin jet na farko da ya yi wannan aiki a duniya. A 1954 biyu daga cikinsu suka tarwatse a sama, ɗaya a watan Janairu kusa da tsibirin Elba, ɗaya a watan Afrilu kusa da Naples. Masu bincike a Farnborough suka nitsa gangar jikin wani jirgin cikin ƙaton tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa, kamar yadda yake faruwa a kowane tashi da sauka, har jikin ya tsage daga kusurwar wata kafa mai siffar taga. Babu matsi ɗaya da ya fi ƙarfin jirgin. Maimaicin ne ya buɗe 'yar tsaga, ta yi ta girma ba a gani. Mu a sana'armu gajiyar ƙarfe muke kiran wannan, kuma tun a ƙarni na 19 Bajamushe August Wöhler ya yi nazarinta a kan sandunan ƙafafun jirgin ƙasa.

Kalmar da likitocin Turawa suke kiran matsin rai da ita, ita ce muke kiran matsin da nauyi yake yi wa ƙarfe. Hans Selye, wanda ya fara wallafa bincikensa a 1936 a Montreal, ya nuna cewa jiki yana bin mataki uku idan matsi ya daɗe: ya zabura, ya daure, sannan ya sare. A zaburar nan jiki yana sakin sinadarai irin su kotisol, hankali ya ƙuntata ya koma kan hatsarin da ke gabansa. Wannan rahama ce ga wanda mota ta nufo. Amma ƙirƙira haɗa abubuwa ne da suke nesa da juna, kuma ƙuntataccen hankali hanya ɗaya tak yake gani. Shi ya sa na yi mako uku ina neman ƙarfafa fandisho a inda ba ya yiwuwa.

Mu da muke zaune a ƙasashen mutane mun san irin wannan nauyi: sabunta biza, kuɗin haya, aikin dare, buƙatun gida da ba sa yankewa, da kaɗaicin hunturun da rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Kowannensu yana ɗaukuwa, yau da gobe ce take tsaga mutum. Sai dai Allah Ya fifita mu a kan ƙarfe da abu guda: tsagar ƙarfe ba ta haɗewa don an ajiye shi, jikin ɗan Adam kuwa yana gyara kansa idan ya samu hutu.

Ƙidaya nauyin, sannan a bar sarari

Injiniya ba ya zana gini sai ya rubuta nauyin da zai hau kansa, ya raba na dindindin da mai zuwa ya wuce. Haka na yi wa rayuwata a takarda ɗaya, sai na ga abin da ya fi cin raina shi ne rashin sanin yaushe buƙata za ta faɗo. Na zauna da yayana ta waya muka tsayar da adadin da zan riƙa turawa da ranar turawa a kowane wata, muka ware wani abu daban domin lalurar asibiti. Zumunci bai ragu ba, fargabar ƙarar waya ce ta ragu.

Sannan ku lura da gibin da ake bari a gaɓoɓin gada, wanda taya take ƙara idan ta taka shi. Gadar ƙarfe mai tsawon mita 100 tana miƙewa kimanin santimita uku da rabi idan zafi ya ƙaru da digiri 30. In ba a bar mata wurin miƙewa ba, ita da kanta za ta fasa abin da ya tokare ta. Yinin da aka cika maƙil daga asuba zuwa dare gada ce marar gibi. Mu Musulmi an riga an yanka mana gibi biyar a kowane yini, sai dai da yawanmu mukan cike su da gaggawa, a sallame ana laluben waya. Na koya wa kaina zama minti biyar bayan sallama, na kuma ga bambanci a aikin da yake biyo baya.

Taura ɗaya a baki

Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu. A 2009 wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna cewa idan mutum ya bar aikin da bai gama ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yana maƙalewa a na farkon. Leƙa saƙon WhatsApp na daƙiƙa goma yana barin sauransa a kai bayan an ajiye wayar.

Abin da nake yi yanzu shi ne ware minti 90 domin aiki mafi wuya, waya tana wani ɗaki, kuma tun da dare na rubuta tambaya ɗaya da nake son warwarewa. A hunturu bayan sallar Asuba ne. A bazarar Ingila kuwa, da alfijir yake ketowa da wuri ƙwarai, nakan koma barci in ɗaga lokacin zuwa hantsi. Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ko direban tasi, ko uwa mai goyo, ba lallai su samu minti 90 ba. Minti 25 da ba a katse ba ya fi awa biyu da ake ta yayyankawa.

A sake ta, za ta dawo

Masanin lissafi na Faransa, Henri Poincaré, ya ba da labarin yadda mafitar wata matsala da ta daɗe tana ba shi wuya ta zo masa a daidai lokacin da ya ɗora ƙafa zai hau motar haya a garin Coutances. A 1926 Graham Wallas ya tsara abin mataki huɗu: shiri, kwanci, haskakawa, da tantancewa. Binciken da aka yi a Jami'ar Stanford a 2014 kuma ya nuna cewa mutane sun fi kawo sababbin dabaru suna tafiya a ƙafa fiye da suna zaune.

A kula da jerin matakan. Kaza ba ta kwanci a kan wofi: mako ukun da na sha wuya su ne suka tara ƙwan. Bayan haskakawa kuma sai na koma tebur na yi kwana huɗu ina tabbatar da cewa karkatacciyar gadar za ta ɗauki nauyinta. Saboda haka a yi aiki har a ci karo da bango, sannan a tashi a taka ƙasa ba tare da abin sauraro a kunne ba, da ɗan littafi da biro a aljihu.

Idan tsagar ta yi zurfi

Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma babu dabarar da take maye gurbinsa. Mu tuna nasihar da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i kan haƙƙin da jikinsa da iyalinsa suke da shi a kansa, wadda Annabi (SAW) ya gaskata. Idan kuwa rashin barci, ko ƙuncin zuciya, ko fita sha'awar komai ya wuce mako biyu, a je a ga likita, a kuma gaya wa wani ɗan uwa da aka amince da shi. Neman magani ba raunin imani ba ne. Ginin da ya tsage ba a rufe tsagarsa da fenti.

Aikin wannan mako guda uku ne: a rubuta nauyin da ake ɗauke da shi a takarda ɗaya, a ware lokaci ɗaya a yini da waya ba za ta shiga ba, a kuma zauna minti biyar bayan kowace salla. Gadar nan tawa tana nan tsaye, a ɗan karkace, yara suna bi ta kanta zuwa makaranta. Mahaifina ma Allah Ya ba shi lafiya.

Allah Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya ba mu natsuwar zuciya da basira mai amfani. Wassalamu alaikum.