Kafin a ce yaro yana da ADHD, wa aka tambaya?

Wata safiya wata mata daga wani ƙauye a bayan Rogo ta shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya, hannu ɗaya riƙe da ɗanta mai shekara 8, ɗaya hannun da leda cike da takardu. Kafin mu gama gaisawa yaron ya hau sikeli ya sauka, ya jawo durowa, ya leƙa taga.

"Sista, kin dai gani da idonki. An yi rubutu, an yi hayaƙi, babansa ya yi duka har ya gaji."

A cikin ledar akwai hoton kai da aka ɗauke shi a wani wuri a birni, da takardar da aka rubuta ADHD a kai. Sai da aka sayar da buhun masara kafin a biya. Na ce, "Hajiya, kun daɗe da mai dubawar?" Ta ce ko shayi bai isa ya huce ba.

Nan gizo ke saƙar. ADHD lalura ce ta gaske, ba rashin tarbiyya ba ce, ba kuma iska ba. Yaro ya kasa tsayar da hankali, ya kasa zama wuri ɗaya, ya aikata kafin ya yi tunani. A duniya ana ƙiyasta kusan yara 5 cikin 100 na da ita. Amma babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ta. Da tambaya ake gano ta, tambayar kuma mai tsawo ce. Dole alamun su kai wata 6 ana ganinsu, su fara kafin shekara 12, su bayyana a wuri biyu ko fiye, kuma a ce suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Ƙiriniya kaɗai ba ciwo ba ce. Da haka ne da rabin yaran unguwarmu suna layin asibiti.

Wannan sharaɗi na wuri biyu shi na fi riƙewa. Yaronmu na nan yana da duniya uku: gida, firamare, da makarantar allo ko Islamiyya. Duk mai dubawar da bai nemi jin bakin malamai ba, da rabin labari ya yanke hukunci. Yaron da ke tayar da ƙura a ajin boko amma ya zauna tsaf gaban alaramma yana wanke allonsa, sai a fara duba ajin tukuna.

Sannan akwai abubuwan da ke shigar burtu su yi kama da ita. Rashin ji sosai, raunin gani, ƙarancin jini, yunwa, rashin isasshen barci, tsoron duka, abin da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ya bari, har da gubar dalma irin wadda ta addabi yaran Zamfara a 2010. Akwai kuma wata farfaɗiya da ba ta kayar da yaro: ya yi shiru na 'yan daƙiƙu, ido a kafe, ya dawo kamar ba a yi ba. Yara mata da yawa an kira su sakarkaru saboda ita.

Shi kuwa yaron da aka kawo mini, sai na zagaya bayansa na kira sunansa a hankali. Bai waiwayo ba. Uwar ta ce ai tun yana goye kunnensa ke zubar da ruwa, sun ɗauka ya wuce. A aji kuma can baya yake zama. Wanda ba ya jin abin da malam ke faɗa, me zai zaunar da shi? Ban ce mata ba shi da ADHD ba, don yaro na iya haɗa biyun. Na ce a fara da kunne.

Ga mutanen Ƙaraye da Rogo, hanya ita ce a fara da babban asibitin garin, a duba kunne da ido da jini, a karɓi takardar turawa. Daga nan akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau, wanda kuma Zariya ta fi masa sauƙi akwai asibitin Shika. Na san sunan Dawanau kaɗai na sa iyaye su ja baya, amma zuwa can bai mayar da yaro mahaukaci ba. A tafi da littattafan rubutunsa, da sakamakon jarrabawa, da wadda ta raine shi, ko da kakarsa ce. In an ce ku dawo karo na biyu kafin a yanke magana, alama ce mai kyau.

Magani akwai shi, irin su Ritalin, kuma yana aiki ga wanda ya dace. Sai dai likita ne ke rubuta shi, yana bin nauyin yaron da hawan jininsa, don yakan rage cin abinci. Ƙasa da shekara 6 ma da koya wa iyaye dabarun tafiyar da yaron ake farawa. Maganin murar da ake saya a kemis don yaro ya yi barci kuwa, don Allah a bari.

Bayan mako uku matar ta dawo da takardar likitan kunne, da wata 'yar takarda a ninke cikin gefen zanenta. Alaramman yaron ne ya rubuto da ajami: in ya zaunar da shi kusa da shi, yana biya karatunsa daidai.