Hasken da Ke Ratsa Tsoka

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in dare ya yi ku kunna tocila, ku rufe bakinta da yatsu. Za ku ga yatsun sun yi ja, domin jan haske ya fi sauran launuka ratsa tsoka. Akwai kuma wani haske gaba da ja wanda ido ba ya gani, shi ya ma fi ratsawa.

A 1991 wani masanin Japan, Sumio Iijima, ya bayyana wasu 'yan mitsitsin bututu na kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayin da muke saye a Sabon Gari. Silin gashi ya fi su kauri sau dubbai. A 2002 masana a Jami'ar Rice ta Amurka suka gano cewa in an haska su, sai su fitar da wannan ɓoyayyen haske. A 2009, a Jami'ar Stanford, aka zuba su cikin jinin ɓeraye, aka ɗauki hoton jijiyoyinsu da kyamara ta musamman, ba tare da an tsaga fata ba.

Har yanzu ana binciken illarsu ga jikin mutum. In an dace, likita zai hango cuta tun ba ta ci jiki ba. To, sai mu dage da karatun kimiyya.