Yawan buhu da farashinsa a zane ɗaya

Sakataren ƙungiyar manoma a Ruwan Bore, ko mai sayen hatsi da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, ya san da kaka masara kan cika kasuwa farashi ya faɗi, in damina ta yi tsakiya kuma rumbu ya yi ƙasa kuɗin buhu ya hau. Excel na iya nuna wannan a zane ɗaya: buhuna a matsayin sanduna, farashi kuma layi ne da ke ratsawa ta samansu.

Ka tsara jeri uku a tsaye: wata, buhuna, farashi. A jerin buhuna da na farashi, lamba zalla za ka rubuta. In ka sa "buhu 40" ko ka manna N a gaban kuɗin, Excel zai ɗauka rubutu ne, ya ƙi zana shi.

Ka zaɓi teburin duka, ka shiga Insert, sai Recommended Charts, sai All Charts, ka danna Combo. Tun Excel 2013 yake a nan. Ka bar buhuna a Clustered Column, farashi a Line, sannan ka sa alama a akwatin Secondary Axis na farashi. Wannan akwatin shi ne ƙashin bayan aikin. A ce buhu 40 ne, kowane naira 50,000: in ma'auni ɗaya suka hau, sandunan za su kwanta ƙasa kamar babu su. Da ma'auni na biyu, buhuna na hagu, naira na dama, kowa ya fito. A Google Sheets na kwamfuta, ka zaɓi Combo chart, ka shiga Customize, sai Series, ka mai da farashi Right axis.

Sai dai a yi hattara, domin ma'auni biyu na iya ruɗin mai kallo. Excel kan zaɓa wa kansa inda ma'auni zai fara, sai ɗan ƙarin farashi ya zama tamkar tashin gwauron zabi. Ka danna ma'aunin da maɓallin dama, ka shiga Format Axis, ka sa Minimum na buhuna ya zama 0, ka duba na farashi ma. Inda layi ya gitta sanda kuwa ba ya nufin komai, kada a kafa hujja da shi a taron ƙungiya.

Ka rubuta "Buhuna" a hagu da "Naira" a dama ta Axis Titles. In a shagon buga takarda za a fitar da zanen baƙi da fari, ka sa sandunan su yi haske, layin ya yi duhu da kauri.